Motar lantarki ta hannu a Jalingo: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Ƙanina, ɗan baffana, ma'aikaci ne a sakatariya, gidansa kuma yana Mile Six. Wata Asabar ya same ni a shagon da nake haɗa sola, ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya. Hotunan wata Nissan Leaf ce ƙirar 2013, fara sol, wani dillali ya turo masa daga Abuja. Ya ce, "Yaya, kuɗin mai ya kai ni bango. Wannan ba ta shan mai, babu juye, babu filogi, babu salansa. Ga ta da araha. Me ka gani?"

Ban ga laifinsa ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Motar lantarki kuma ta daina zama labarin ƙasar waje. A Maiduguri gwamnatin Borno ta zuba tasi masu lantarki a kan titi tun Disambar 2023, a can ne kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas su koma aiki da batir. Ni kaina ina son motar nan, ina fatan in ga ta yawaita a titin Hammaruwa. Shi ya sa nake tsoron wanda zai fara saye ya ƙone, domin idan mutum ɗaya ya tafka asara a unguwa, goma ne za su fasa.

Na ce masa ya kira dillalin, a kunna motar, a ɗauko mana bidiyon dashbod. A gefen dama na allon Leaf ta wancan zamani akwai layuka iri biyu. Dogaye masu kauri suna nuna yawan cajin da ke ciki yanzu. A can ƙarshen gefe kuma akwai wasu gajeru sirara guda 12, su ne ke nuna lafiyar batir ɗin kansa, wato nawa ya rage daga ƙarfin da ya fito da shi daga kamfani. Dillali ya cika caji, dogayen sun cika fal. Muka tsayar da bidiyon, muka ƙirga gajerun da yatsa. Takwas.

Ga ma'anar takwas ɗin. Layin farko yana ɓacewa ne idan batir ya rasa kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, sauran kuma kowanne yana tafiya da kashi shida da ɗan ɗoriya. Layi takwas ke nan batir yana tsakanin kashi 60 da 66. Motar tana sabuwa, da batir mai yunit 24, kilomita 135 take yi a cike. Yanzu kenan kimanin 85 take yi, idan ka kunna esi a watan Maris kuwa ka ɗauka 70. Za ta kai shi sakatariya ta dawo, ta kai yara makaranta, ta je kasuwa. Zuwa Zing da dawowa ya fi ƙarfinta. Yola, da ta haura kilomita 150, ba a ma maganarta, balle Wukari ko hawan Mambila daga Mayo Selbe.

A motar mai, inji ya gaji sai a sauke shi a yi masa zobe, ko a ɗauko na Beljiyam a ɗora, a ci gaba da tafiya. A motar lantarki injin kansa, wato abin da ke juya tayoyi, ba ya cika ba da matsala, don abin da ke motsi a cikinsa kaɗan ne. Batir shi ne dukiyar, kuma shi ne ke tsufa ko ana hawa ko an ajiye. A 2014 kamfanin Nissan ya sa wa sabon batir ɗin Leaf mai yunit 24 farashin dala 5,499 a Amurka, ban da kuɗin ɗaurawa. Idan dala tana naira 1,500, ka ga naira miliyan takwas da dubu ɗari biyu da wani abu, tun ba a yi maganar jirgi da kwastan ba. Na Tesla kuwa ya haura dala 10,000. Nauyin batir ɗin Leaf ya kusa kilo 300, kuma a dokar sufuri kayan haɗari ne, ba a jefa shi a jirgin sama kamar fitilar gaba. Saboda haka duk motar da aka ce maka "batir ne kawai ya ɗan yi sanyi", ka sani an ce maka rabin motar ko fiye ya tafi.

Abin da ya fi damuna game da Leaf a garinmu shi ne zafi. Batir ɗinta ba shi da ruwan sanyaya, ba shi da fanka, iskar gari kawai ya dogara da ita. A 2012 masu Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona suka fara kuka, layukan batir suna zubewa cikin shekara ɗaya ko biyu, har sai da kamfanin ya sauya haɗin batir ɗin a ƙirar 2015. Wanda ya san Jalingo a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 kwalta tana turiri, ya san ba mu da nisa da Arizona. Batir ɗin da ya zo da layi takwas ba zai daɗe a takwas ba a nan. Motocin da ke sanyaya batir da ruwa, irin su Hyundai Kona, Chevrolet Bolt da Tesla, sun fi jure wannan yanayi. Haka ma masu batir nau'in LFP, wanda BYD ta fi amfani da shi, ya fi haƙuri da zafi da yawan caji. Idan kuɗinka ya kai, can za ka nufa.

Su ma ɗin suna da tarihinsu. A farkon 2021 Hyundai ta yi kiranyen motoci kusan 82,000, mafi yawansu Kona, don a sauya musu batir saboda haɗarin kama wuta. A Agustan shekarar kuma General Motors ta kira duk wata Bolt da ta taɓa ƙerawa a kan irin wannan matsala. Wannan bai hana a saye su ba. Wadda aka riga aka sauya wa batir ma ta fi daraja, don batir ɗinta ya fi motar ƙuruciya. Abin yi shi ne ka karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka duba a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi aikinsa ba. Da lambar nan dai za ka binciki tarihin motar. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo mana da su daga gwanjon Copart da IAA suke, waɗanda inshora ta sallama bayan hatsari ko ambaliya. Motar mai da ta sha ruwa ana iya lallaɓa ta. Motar lantarki da ta kwana cikin ruwan gishiri ba ta da amana: bayan guguwar Ian a Florida a 2022 an ga wasunsu sun kama da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Idan tarihi ya nuna ambaliya, ka juya, komai araharta. Garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 da ake yi wa batir a can kuwa, kada ka sa shi a lissafi, ba ya biyo mota zuwa nan.

Layukan dashbod ma ba a yarda da su ido rufe. Akwai masu goge ƙwaƙwalwar na'urar da ke lura da batir, sai layi 12 su dawo cif, su riƙa zubewa bayan 'yan makonni mota tana hannunka. Maganin wannan ƙaramar na'ura ce da ake soka wa a ramin da ke ƙasan sitiyari, inda makanike ke soka kwamfutarsa, kuɗinta bai wuce na cika tankin Corolla ba. Ka haɗa ta da manhajar LeafSpy a waya, za ta nuna maka lafiyar batir da lamba, da sau nawa aka taɓa yi masa cajin gaggawa, da ƙarfin kowane ɗaya daga cikin gidaje 96 da ke cikinsa. Idan wani gida ya yi ƙasa sosai ya bar 'yan'uwansa, shi ne zai riƙa kashe maka mota alhali allo yana cewa da sauran caji. Wasu motocin suna da irin wannan manhaja tasu. Bayan nan sai gwajin da babu mai iya yi masa dabara: a cika caji, ka zauna a ciki da esi a kunne, a yi kilomita 30 ko 40, ka ga nawa ya sauka. Gani ya kori ji. Dillalin da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Daga nan a kai ta wurin wankin mota a ɗora a kan gada, ka shiga ƙasa da tocila. Batir a ƙasan mota yake, shimfiɗe kamar katifa, kuma yawancin motocin nan gajeru ne, tsakaninsu da ƙasa bai wuce taƙi guda ba. Ka nemi loɓawa, tsagewa, walda ko sabon fenti. Akwatin batir a rufe yake ruf don kada ruwa ya shiga, amma dutse ɗaya ya daki bakinsa rufin ya saki. Da damina, wanda ke bin unguwannin bakin Mayo Gwoi ko hanyoyin da ruwa ya zaizaye ya san abin da ƙasan mota ke sha. Ka kuma duba sitiyari: idan asalinta ta Japan ce mai sitiyari a dama aka mayar hagu, bar ta, don an taɓa wayoyin da bai kamata a taɓa ba.

Sai dai duk wannan magana ce ta mota. Abin da na fi ganin yana kashe motocin nan a hannun mutanenmu daga bangon gida yake fitowa.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini cajar motarsa a leda, tana warin ƙuna. Na kwance ta a kan teburi, allon ciki ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan ƙarfe ya narke ya manne da roba. Na juya bayanta na nuna masa rubutun: 120V. Cajar da ke zuwa cikin but ɗin tsofaffin Leaf na Amurka an yi ta ne don wutar gidajensu, tamu kuwa 230 ce. Wani ne ya yanke mata kai ya sa mata namu mai baki uku, ya ce ai duk ɗaya ne. Ya ci sa'a a nan ɓarnar ta tsaya. Da ta wuce ta taɓa cajar da ke cikin motar, wadda ke mayar da wutar gida ta zama abincin batir, da sai an yi odar ta daga waje, mota ta yi wata da watanni a ajiye. Saboda haka kafin ka soka komai, karanta bayan caja. Ka kuma san bakin cajin motarka, domin ba iri ɗaya ba ne: na Amurka da Japan daban, na Turai daban, na Sin da ake kira GB/T daban, Tesla ta Amurka ma da nata. Motar da aka yi don kasuwar cikin Sin tana iya zuwa da allo cikin Sinanci, da manhajar da ba ta buɗewa sai da lambar wayar can. Tun Maris na 2025 akwai wakilin BYD a Legas, amma ka tambaye su tun wuri ko suna karɓar gyaran motar da ba ta hannunsu ta shigo ba.

Wayarin na gida shi ne na biyu. Caja mai jan amfiya 10 tana ba da kimanin yunit biyu da 'yan kai a awa, kuma haka za ta yi ta ja awa bayan awa ba hutu, ba kamar dutsen guga ba da ke ɗauka yana saki. Soket ɗin falo da siririyar waya ba za su jure ba, sai su yi zafi su narke. A ja mata layinta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, da waya mai kauri milimita 4, da makatsarta. A kafa sandar at ta gaske a ƙasa mai danshi, don yawancin caja ba sa ma tashi idan babu at. A sa na'urar da ke yanke wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama, ta kuma jira 'yan mintuna bayan an kawo wuta kafin ta saki. Idan hadari ya haɗu ana walƙiya, zare caja. Kuɗin wannan aiki duka bai kai na tayoyi huɗu ba, kuma shi ne ke tsare abin da ya fi tsada.

Yanzu lissafi. Ƙaramar motar lantarki tana cin kimanin yunit 18 daga mita a kilomita 100. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, naira 4,000 ke nan da 'yan kai. Corolla a cikin gari tana shan lita takwas zuwa tara a wannan nisa, idan lita tana 1,000 ka ga 8,000 zuwa 9,000. Riba a fili take. Amma ka kunna janareta ka yi caji, ribar ta tafi: ƙaramin janareta mai fetur ba ya cika ba da fiye da yunit biyu a lita, yunit 18 kenan lita tara ko fiye. Ka sha man Corolla, ka ƙara da hayaniya da hayaƙi. Kuma ba mu manta Afrilun 2024 ba, da aka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe, Jalingo da Yola suka yi makonni cikin duhu. Wanda motarsa ta dogara da wutar YEDC kaɗai, a ƙafa ya yi waɗannan makonni.

Mai yin kilomita 40 a yini yana bukatar yunit bakwai zuwa takwas, wato awa uku zuwa huɗu na wuta mai ƙarfi. Idan unguwarku na samun haka, kana da hanya. Idan ba ta samu, sai sola: faranti mai wat 550 yana ba da yunit biyu ko fiye kaɗan a yini, motar ita kaɗai tana bukatar huɗu ko biyar, da inbata da za ta iya ɗaukarta. A tuna kuma rana tana aiki ne lokacin da mai mota yake ofis, don haka ko dai a ƙara batir na gida ya tara, ko a samu inda za a soka a wurin aiki. Hanyar nan ba sabuwa ba ce. Tashar caji da hukumar NADDC ta buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, zamanin Jelani Aliyu, da hasken rana take aiki.

Akwai matsalolin da ke tayar da hankali alhali ƙanana ne. Kowace motar lantarki tana da ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, shi ke tada kwamfuta ya buɗe wa babban batir hanya. Idan ya yi sanyi mota sai ta mace ɗungurungum, ko allo ya cika da jajayen fitilu, mutum ya ɗauka babban ne ya tafi. Ƙungiyar ADAC ta Jamus, mai kai ɗauki ga motocin da suka tsaya a hanya, ta sha nuna cewa wannan ƙaramin batir ne kan gaba wajen tsayar da motoci, har da na lantarki. Kuɗinsa na batir ɗin Corolla ne, zafinmu kuma yana saurin cinye shi, don haka da shi ake fara bincike. Idan kuwa Ioniq 5 ce ko Kia EV6 take yawan kashe shi, a duba na'urar ICCU da ke caja shi, an yi mata kiranye a 2024. Taya tana saurin cinyewa saboda nauyi da saurin fizga. Shokozoba da bushin ƙafa suna shan wahala a ramukanmu, amma wannan aikin makanikenka ne na kullum, in dai an samu kayan. Birki kuwa yana daɗewa, don motar da injinta take rage gudu.

Esi ne nake so a yi hattara da shi. Kwamfuresonsa ba da bel yake juyawa ba, wutar babban batir ce ke shiga cikinsa kai tsaye, kuma yana da mansa na musamman wanda wuta ba ta bi ta ciki, irin ND-11. Mai gyaran esi da ya saba da motocin mai zai zuba man da ke hannunsa da kyakkyawar niyya, wuta ta fara yoyo zuwa jikin mota, kwamfuta ta ji, ta ƙi tada motar. Daga nan sai wanke layi gaba ɗaya, wani lokaci har da sauya kwamfureso. A motocin da ke sanyaya batir da ruwa, esin ne ke sanyaya ruwan, lalacewarsa kenan ta shafi batir. Ruwan sanyayar ma a wasunsu na musamman ne, ba a ƙara masa na rijiya. Ka tsaya a kan mai gyara, ka ga robar man da idonka.

Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a cikin motar nan, bolt 350 zuwa 400 ko fiye take ɗauke da shi, kuma yana kisa nan take. Mai rewaya, komai gwanintarsa a kan Golf da Sharon, kada ya sa mata almakashi. Idan mota ta mace a hanya kada a ɗaura mata igiya a ja, domin tayoyin suna juyawa injin yana haifar da wuta, yana iya ƙona inbatarta. A ɗora ta a bayan babbar mota. Wannan ma kuɗi ne da ya kamata ka sa a lissafi tun farko: kafin ka saya, ka nemo lambar wanda ya taɓa buɗe irin motar, ko a Abuja yake ko Kano ko Maiduguri, ka yi magana da shi, ka ji nawa ake ɗaukar mota zuwa wurinsa. Kayan lantarkinta ba irin waɗanda za ka aika Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko maka gobe ba ne. Ni shawarata, wanda zai saya ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar ya ajiye gefe, kuma kada ya sayar da tsohuwar motarsa ta mai a shekarar farko.

Idan ta shigo hannu, inuwa ce abincinta. A yi mata rumfa, ko ta zana ce. Kada a cika ta fal a bar ta cikin rana, kashi 80 ya isa zirga-zirgar gari, sai dai mai batir LFP da ake so a riƙa cika shi lokaci-lokaci. Kada a bar ta babu caji a yi tafiya, rabi ake bar mata. Idan an dawo daga tafiya da tsakar rana a bari ta huce kafin a soka. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar da ke toshe lagireto, a kuma sa ido a kan ɓera, yana son kwana cikin wayoyinta.

Ƙanina ya bar mai layi takwas. Na ce masa idan Leaf ce dole, kada ya sauko ƙasa da layi 11 da manhaja ta tabbatar, gara ma ya ƙara haƙuri ya tara na mai sanyaya batir da ruwa. Makon da ya biyo baya muka je gidansa muka kafa sandar at a bayan banɗaki inda ƙasa ke da danshi, muka ja layi zuwa inda zai yi rumfa. Na ba shi ƙaramin littafi na ce ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, da abin da mitar bolt ta nuna, har wata uku, watan Afrilu a ciki. Littafin yana nan rataye kusa da mita, idan ya fita aiki maiɗakinsa ce ke rubutawa.